Guzurin Muridi Ranar Fiɗa

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta, Ya sanya zuciya sarauniya bisa gaɓoɓi, in ta natsu su natsu, in ta firgita su firgita. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, likitan zukata, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, bawan Allah mabuƙaci ga rahamar Ubangijinsa, tsoho mai rauni wanda ya ƙare kwanakinsa tsakanin allo da tawada a ƙasar Birnin Kudu, yana cewa: Ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, ku sani, Allah Ya yi muku rahama, sababin wannan takarda mutum biyu ne daga cikinmu. Na farko manomi ne daga ƙasar Gwaram, ƙaba ta dame shi shekara da shekaru, danginsa suka sayar da buhunan gero suka kawo shi babban asibitin gwamnatin tarayya da ke nan Birnin Kudu, aka sa masa rana. Daren da za a wayi gari a yi aikin, sai wani mai ziyara ya zauna kusa da kansa yana lissafa masa mutanen da aka shiga da su ɗakin fiɗa ba su fito ba. Kafin asuba ya sulale ya nemi mota ya koma gida. Har yau cutar tana jikinsa, alhali likita ya gaya masa ran da hanji ya shaƙe a cikinta, kwana biyu ko uku sun isa su kai mutum kushewa. Na biyu saurayi ne mai himma a zawiya, ya zo mini yana cewa shi in za a yi masa aiki ba zai yarda da allurar kashe zafi ba, zikiri ya ishe shi, kamar yadda ya ishi Urwatu ɗan Zubairu. Na farko tsoro ya kore shi daga magani, na biyu da'awa tana son ta jefa shi cikin abin da bai iya ɗauka ba. Na ga wajibi ne a kaina in yi magana, domin ni ma an kwantar da ni a wannan gado, na san abin da zuciya take yi a kansa.

Fasali cikin bayanin cewa zafi yana da ƙofa, zuciya ce mai tsaronta

Ka sani, ya kai muridi, zafi ba a fata kaɗai yake ba. Dubi ƙissar matan birnin Masar a Suratu Yusufa, aya ta 31: an ba kowace wuƙa, aka fito musu da Annabi Yusufa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, suka yanyanke hannuwansu suna kallonsa. Wuƙa ta yanka, jini ya zuba, amma hankali ya tafi wani wuri. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu shekara ta 465 bayan hijira, ya kafa hujja da wannan a Risalarsa inda yake bayanin fana'i: in ganin kyan wani abin halitta ya iya ɓatar da mutum daga jin kansa, ina ga wanda zuciyarsa ta shagala da Mahalicci. Kuma kai da kanka ka sha gani. Manomi yana cikin huɗa, fartanya ta sare shi a yatsa, bai sani ba sai da ya zauna shan fura ya ga jini. Yaro ya buge goshi, uwa ta shafa wurin tana masa wasa, kuka ya tsaya.

Likitocin zamani sun bi wannan da bincike. Shekarar 1965 waɗansu masana biyu, Melzak da Wol, suka bayyana cewa saƙon zafi in ya taso daga gaɓa ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta laka a cikin ƙashin baya, kuma a can akwai kamar ƙofa wadda take buɗuwa take tsukewa. Shafa wurin yana tsuke ta. Saƙon da yake saukowa daga ƙwaƙwalwa shi ma yana tsuke ta ko ya wangale ta. Tsoro da jiran zafi suna wangalewa, natsuwa da shagala da wani abu suna tsukewa. Wannan duka halittar Allah ce da al'adar da Ya gudanar a jikin ɗan Adam, mumini da wanda ba mumini ba, kamar yadda wuta take ƙuna a hannun kowa da izininSa.

Fasali cikin abin da Larabawa suke kira tanwimi, Turawa suke kira hifnosis

An tambaye ni a kan wannan, waɗansu suna cewa sihiri ne, waɗansu suna cewa bori ne na Turawa. To ga asalinsa. Wani likita mai suna Mesma ya shiga birnin Faris shekarar 1778 yana da'awar akwai wani ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake fita daga jikinsa ya shiga marasa lafiya. Sarkin Faransa ya sa masana suka gwada shi shekarar 1784, suka ce babu wani ƙarfi da yake fita, abin da mutane suke ji daga zatonsu yake. Sa'an nan wani likita a Manchesta ta Ingila, Jems Bired, ya rubuta littafi shekarar 1843 ya ce gaskiyar abin ita ce tara hankali wuri guda har mutum ya sauƙaƙa ga karɓar magana. Daga 1845 wani likita, Jems Isdel, ya riƙa yi wa mutane fiɗa ta wannan hanya a ƙasar Indiya kusa da Kalkata, da yawansu masu kumburin maraina irin wanda muke kira gwaiwa, a zamanin da babu abin sa barci sai a danne mutum da ƙarti. Ba a daɗe ba aka nuna maganin shaƙa mai sa barci a Bostan ta Amurka ranar 16 ga Oktoba 1846, wani kuma ya biyo baya a Edinbara shekarar 1847, sai likitoci suka koma ga magani, domin shi yana kama kowa, wancan kuwa yana kama wani ya bar wani.

Amma ba a yar da shi ba. A birnin Liyej na ƙasar Beljiyam, tun farkon shekarun 1990, wata likita mai suna Femonbil da abokan aikinta sun yi wa dubban mutane aiki, har da na maƙoƙo, ba tare da an sa su barci mai nauyi ba: a kashe wurin da allura, a ba da ɗan magani kaɗan, likita ta zauna kusa da kai tana magana a hankali, tana mai da mutum ga wani wuri da yake so a ransa. Shekarar 2000 wata likita a Amurka, Elbira Lang, ta buga sakamakon gwaji a kan mutum 241 da aka zura musu siririn bututu a jijiyar jini ko ƙoda suna farke. Waɗanda aka natsar ta wannan hanya sun nemi kusan rabin maganin da waɗanda aka bi da su yadda aka saba suka nema, aikinsu ya ɗauki kamar minti 61, na waɗancan kamar minti 78. Shekarar 2007 a Niyu Yok aka gwada mata 200 da za a yi wa aikin nono, aka zauna da rabinsu minti 15 kafin a shiga, suka fito da ƙarancin zafi da ƙarancin tashin zuciya. Lura fa, ya kai saurayi mai da'awa: a cikin waɗannan na zamaninmu duka ba a bar allura ba, an haɗa ne.

In ka ce, ai waɗansu malamai na ƙasar Saudiyya sun yi fatawa cewa tanwimi bokanci ne, sai in ce haka ne sun yi, bisa siffar da aka kai musu, ta mutum mai aiki da aljani yana ɗora shi a kan wani domin ya ba da labarin gaibu. Wannan haramun ne, babu mai jayayya. Hukunci kuwa yana bin siffa ne, ba suna ba. Abin da likita yake yi babu kiran iska a cikinsa, babu yanka, babu turare, babu neman gaibu. Mutum yana jin abin da ake faɗa, in an ce masa abin da ya saɓa wa addininsa yana iya ƙi, yana iya buɗe ido ya ce a tsaya. Fahimtata ita ce wannan sababi ne daga sababai kamar tausa da lallashi, da sharaɗi uku: mai yin ya zama ma'aikacin lafiya sananne, maganarsa ta kuɓuta daga shirka da alfasha, kuma kada namiji ya keɓe da mace, a sami nas ko muharrami a wurin. Allah ne Mafi sani. Kada kuma wani ya ce zikiri shi ne tanwimi. Zikiri ibada ce, manufarsa Allah. Natsuwar jiki 'ya'ya ce da take faɗowa daga wannan itace, ba dominta aka dasa shi ba.

Fasali cikin ƙissar Urwatu da abin da ake ɗauka daga gare ta da abin da ake bari

Urwatu ɗan Zubairu ɗan Awwamu, uwarsa Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, ɗaya ne daga fuƙaha'u bakwai na Madina. Ya tafi Dimashƙa wurin halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan hijira, sai cuta mai cin nama ta kama ƙafarsa, likitoci suka haɗu a kan sai an yanke. Masu tarihi sun ruwaito an miƙa masa abin sha mai gusar da hankali ya ƙi, domin ba ya son ya sha abin da zai raba shi da ambaton Ubangijinsa. Aka sa zarto yana hailala da kabbara, aka tsai da jinin da tafasasshen mai. A wannan tafiya kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya mutu. Ya koma Madina yana gode wa Allah bisa abin da Ya bar masa na gaɓoɓi da 'ya'ya. Allah Ya yarda da shi, Ya amfane mu da albarkarsa.

To abu na farko da za ka ɗauka: Urwatu bai gudu ba. Ya yarda a yanke. Wanda ya sulale kafin asuba ba shi da rabo a wannan ƙissa, ko da ya kira gudunsa tawakkali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho ya biya mai yi ladansa, ya umarci bayin Allah da neman magani, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita ya yanke masa jijiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, da girmansa da muƙaminsa cikin ɗariƙar Ƙadiriyya, ya zauna ya wallafa littattafan magani har da na basur.

Abu na biyu: halin Urwatu kyauta ce, ba a aro ta kamar riga. Mutum ne da aka ruwaito yana karanta rubu'in Alƙur'ani kowace rana a mus'hafi, ya tsaya da shi da dare. Kai da sauro ɗaya yake fitar da kai daga wazifa, ƙaiƙayin baya yake sa ka manta ko hailala ta nawa kake, yaya za ka ce wuƙa ba za ta fitar da kai ba? Wanda ya ɗora wa kansa muƙamin da bai kai ba, jarrabawa takan tona shi, ya yi ihu ya motsa, likita ya kuskure jijiya, ya cuci kansa ya cuci mai yi masa aiki. Sau da yawa wannan himma nafsu ce ta sa rawani, tana so a ce a zawiya wane an yanka shi bai ce uffan ba. Irin wannan jarumta ta filin sharo ce, can ake yinta domin idon mutane.

Malamanmu na Malikiyya kuwa sun gama magana. Ƙarafi, wanda ya rasu 684, ya rarrabe cikin littafinsa Furuƙu tsakanin abu mai sa maye da mai ɓata hankali da mai sa barci wanda yake ɗauke ji da gani. Ibnu Farhuna ya rinjayar da halaccin shayar da mai sa barci domin yanke gaɓa, domin cutarsa amintacciya ce, cutar gaɓar kuwa ba amintacciya ba, Haɗɗabu ya ciro wannan cikin sharhinsa na Mukhtasar. Ibnu Sina, wanda ya rasu 428, ya lissafa magungunan kashe zafi a Ƙanununsa. Saboda haka karɓi allurarka, rangwame ne daga Ubangijinka, sa'an nan ka riƙe zikirinka, kada ka saki ɗaya domin ɗaya.

Fasali cikin yadda muridi zai yi ranar

Ga abin da na gani da kaina. Yana ta rufe mini ido har na kasa bambance wasali da ɗigo a mus'hafina, ina karatu da hadda, almajirai suna zaton ina dubawa. Waɗansu suka ce in kira masu zagayawa ƙauye suna tura yanar da tsinke, na ƙi, domin na ga idanun da suka mutu ta wannan hanya. Aka kai ni asibiti. Aikin yana ana yinsa mutum yana farke: a kashe idon da magani, a rufe fuska da ƙyalle, a ce kada ka motsa kai. Wallahi lokacin da ƙyallen ya sauka a fuskata sai na tuna likkafani, ƙirjina ya buga, na ji shekarun da na yi ina wa mutane wa'azin haƙuri sun tsere sun bar ni. Sai wani ma'aikaci, yaro ne da bai kai jikana ba, ya kama hannuna ya ce, "Baba, ina nan, in kana son magana matse hannuna. Za ka ji ruwa mai sanyi, za ka ga haske, shi ke nan. Wace sura ka fi so?" Na ce Suratu Yusufa. Ya ce, "To bi ta a zuci." Na ɗauko ta daga farko, na sa kaina a tsangayarmu ta yarinta, ga wutar kara, ga allona a cinya, ina bin baƙi ɗaya ɗaya. Ban kai ga fitowar Yusufa daga kurkuku ba aka ce an gama. Washegari aka cire filasta na ga zanen tafin hannuna. Wannan yaro bai karanta Ƙushairi ba, amma ya yi mini abin da shehu yake wa muridi, ya kama hankalina ya ɗaure shi a turke. Allah Ya yi masa albarka.

To kai ma yi haka. Kafin ranar, tambayi likita abin da za a yi daki daki, domin abin da ba a sani ba shi shaiɗan yake hurawa ya zama dutse. Gaya masa kowane magani da kake sha, na asibiti da na gargajiya, kada ka ɓoye saiwa ko jiƙo. In ya ce kada ka ci kada ka sha daga lokaci kaza, to rubutu ma sha ne. Sha naka tun kafin lokacin ko ka shafa a jiki, domin abin da yake ciki yana iya tasowa ya shiga huhu in an sa mutum barci. Yi alwala in an yarje maka, yi sallarka in lokacinta ya shiga, yafe wa mutane ka nemi yafiya. Sa hannunka a wurin ciwon ka yi addu'ar da Annabi ya koya wa Usmanu ɗan Abil Asi, wadda take cikin Sahihu Muslim, ambaton sunan Allah sau uku da neman tsari sau bakwai.

In an kwantar da kai, zaɓi zikiri guda gajere wanda harshenka ya saba da shi, hailala ko salati ko Ya Laɗifu, ka yi shi a zuci ba da leɓe ba. Carbi ba ya shiga ɗakin, kuma ba wurin cika adadi ba ne, bar 129 sai ka koma gida. Haɗa shi da numfashi, ja a hankali, saki a hankali fiye da yadda ka ja. 'Yan'uwanmu Ƙadirawa masu zikirin anfasu sun san wannan, sai dai a nan babu girgiza babu ɗaga murya. Batijjane kada ya ɗauko Jauharatul Kamali a kan gadon fiɗa, tana da sharaɗin tsarkin ruwa da tsarkin wuri, kuma mara lafiya an ba shi zaɓi cikin lazimi, kada ya ƙuntata wa kansa. Sa zuciyarka a wuri guda da ka sani, sahun da kake zama a zawiya, ko Rauda in Allah Ya kai ka, ka ji sanyin tabarma, ka ji muryar na kusa da kai. Hankali zai kuɓuce ya koma ga ƙarar ƙarfe, kada ka yi faɗa da shi, jawo shi kamar yadda kake jawo akuya daga gonar maƙwabci. In kuwa ka ji zafi na gaskiya, faɗa nan take a ƙara magani. Faɗar ciwo ga likita ba ƙarar Ubangiji ba ce. Wannan ya shafi matanmu ƙwarai, waɗanda aka tarbiyyantar da cewa nishi a naƙuda abin kunya ne, har wata ta yi shiru jini yana zuba.

Fasali cikin harshen mai jinya da mai ziyara

Wannan ya fi nauyi a wurina, domin harshe ne ya kori mutumin Gwaram, ba wuƙa ba. Annabi in ya shiga wurin mara lafiya yakan kwantar masa da rai, ya ce masa babu komai, tsarkakewa ce in Allah Ya so. Mu kuwa sai mu shiga ɗaki mu goma, mu riƙe baki, wani ya ce haka aka yi wa wane bai kwana ba. Wanda ba ya iya riƙe harshensa ya aiko da kunu ya zauna gida, ladansa ya fi yawa. Mai jinya ya zama mutum ɗaya natsattse, mai taushin murya, ya riƙe hannu, ya yi gaskiya: kada ya ce babu abin da za ka ji, kada kuma ya ce shirya ga azaba ta zo. Likitoci sun gwada sun ga gargaɗi da kalmomi masu kaifi kafin a soka allura yana ƙara zafin da ake ji.

Yara kuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina cewa in ba ka yi shiru ba a kira likita ya yi maka allura. Kuna shuka tsoron da zai tsiro yana da shekara hamsin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shekarar 2015 cewa lokacin rigakafi uwa ta kasance a wurin, ta rungume jaririnta, ta ba shi nono, a yi wa yaro magana mai sauƙi ba ƙarya ba tsoratarwa. Haka ranar kaciya, ko a asibiti ko wurin wanzami, uba ya tsaya kusa da kan ɗansa yana masa hira, kada a kewaye shi ana dariya.

Amma ɗan'uwanmu na Gwaram, na aika wa muƙaddamin garinsu ya karanta masa wannan takarda a keɓe, kada a kunyata shi a cikin jama'a, sa'an nan a zaɓi mutum biyu su rako shi Birnin Kudu kafin damina ta tsare shi a gona, ɗayansu ya kwana da shi, kada a bar kowa ya zauna kusa da kansa sai wanda muƙaddami ya yarda da harshensa. Ni kuma in Allah Ya ara mini rai zan zo da sandata in zauna a bakin ƙofa har a fito da shi.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta da wanda ya saurara, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.